Watanda Ba Ta Naman Sallah Kaɗai Ba Ce



Mu da muke riƙe da littafin ƙungiya akwai abin da muke gani wanda ba kowa yake gani ba. Kuɗin wata da a da ake biya tun kafin a tuna wa mutum, yanzu sai an bi shi, in ya zo biya kuma ka ga yana sunkuyar da kai. Neman taimakon da a da ba ya zuwa sai an yi rasuwa ko an kwantar da wani a asibiti, yanzu yakan zo ne a kan abinci, a keɓe, tare da roƙon kada kowa ya ji. Masu zuwa da wannan buƙata ba ragwaye ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati a cikinsu, akwai direbobi, teloli, masu gadi, masu shayi da malaman makaranta. Kowa yana fita tun da asuba, sai dai abin da yake dawowa da shi ba ya kai shi ƙarshen wata. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi maganar a fili, tunda abin ya shafe mu gaba ɗaya.

Mu fara da tuna yadda aka iso nan, domin kada wani ya ɗauka rashin dabararsa ce. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, sannan a Oktoban 2024 ta kai 1,030. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake samu wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a Yunin 2024, ta kayayyaki baki ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban shekarar.

An ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, amma mu auna shi da ma'aunin da kowa ya sani. Dubu 30 a farkon 2023 tana sayen fetur fiye da lita 150. Dubu 70 a Oktoban 2024 ba ta kai lita 70 ba. Ga shi da yawa daga cikinmu ba ma a tsarin albashin gwamnati muke ba, ƙarin bai iso mu ba sam. Da aka shiga 2025 hukumar ƙididdiga ta sauya hanyar lissafinta, adadin ya sauko zuwa kashi 24 da ɗoriya. Sai dai raguwar hauhawa ba ita ce saukar farashi ba. Mota ce ta rage gudu, amma gaba take yi.

Zaman Abuja kuma yana da nasa nauyin na daban. Kusan duk abin da muke ci mota ce ke kawo shi: hatsi daga Kano, Kaduna da Neja, albasa daga Kebbi da Sakkwato, doya daga Neja, Nasarawa da Binuwai, man ja daga kudu. Mu kanmu mota ce ke kawo mu. Wanda yake kwana a Kubwa, Zuba, Suleja, Lugbe, Gwagwalada, Nyanya ko Mararaba yana aiki a cikin gari, ya san abin da kuɗin mota ke ci a cikin samunsa kafin ya sayi ko ƙwayar shinkafa. Ga haya da ake biya ta shekara guda a dunƙule. Ga ruwan da yawancin unguwanninmu ke saye a hannun 'yan garuwa. Ga kuma 'yan uwa a gida, waɗanda da sun ji an ce Abuja sai su ɗauka kuɗi a bakin titi ake tsintarsa.

A cikin duk wannan akwai abu ɗaya da muke so mu tsaya a kansa, domin shi ne wanda yake hannunmu: wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi ne yake sayen kaya da tsada fiye da kowa. Buhun da ya taso daga kasuwar Dawanau ta Kano yana bi ta hannun dillali, da mai mota, da ɗan dako, da babban ɗan kasuwa, da mai awo, kafin ya isa shagon unguwa inda za a ƙulla shi a leda. Kowane hannu da ladansa. Mai hali yana tare buhun tun a hannu na uku, marar hali kuwa sai a hannu na ƙarshe, ya biya ladan kowa da kowa. Mu ɗauka, don misali kawai, buhun shinkafa naira dubu 60 ne, muka auna muka samu mudu 30. Mudu ya kama naira 2,000 ke nan. In a unguwa ana sayar da mudun 2,300, wanda yake saye kullum zai biya dubu 69 kafin ya cinye abin da maƙwabcinsa ya saya dubu 60. In da gwangwani yake awo, abin ya fi haka. Haka yake a mai, da sukari, da omo, da madara, da magi. Ba laifin mai shago muke gani ba. Da yawansu 'yan uwanmu ne, su ma haya suke biya, kuma su ne suke rufa mana asiri da bashi ranar da aljihu ya bushe. Tsarin sayen ne yake cinmu.

Matakin farko na fita daga wannan shi ne rubutu. Littafi ƙarami irin na 'yan makaranta da biro sun isa. Wata guda cur a rubuta duk abin da ya fita, har naira 100 ta ƙanƙara da 200 ta cajin waya. Yawancinmu mun san abin da yake shigo mana, amma ƙalilan ne za su iya faɗin inda ya tafi. Kuma rubutun nan na mutum biyu ne, maigida da uwargida. Mu faɗa wa juna gaskiya, maza: akwai gidajen da har yanzu kuɗin cefanen da aka yanka a 2022 shi ake ajiyewa a kan tebur, sannan a dawo da dare ana tambayar ina nama. Matar da aka bar wa wannan kuɗin ita take cikawa da ɗan abin da ta samu a kitso ko ƙullin gyaɗa, ko ta ci bashi a ɓoye, ko ta rage nata cin don yara su ƙoshi. Rigingimun aure da dama da ake kawo wa dattawanmu sulhu, in aka bi diddigi, daga bakin murhu suka faro. Maigida ya daure ya shiga kasuwa da kansa ko sau ɗaya a wata ya ji farashi da kunnensa. Uwargida ita ma a sanar da ita ainihin abin da ake samu, domin wadda ba ta san zurfin rijiya ba ba za a zarge ta da yawan ɗiba ba.

Idan an rubuta, sai a ware abubuwan da ba kullum suke zuwa ba amma tabbas suna nan tafe. Haya ba ta taɓa zuwa ba zato. In dubu 600 ce a shekara, to dubu 50 ce a wata, kuma a ranar da kuɗi ya shigo ake cire ta, ba a jira sai wata biyu kafin wa'adi. Kuɗin makaranta sau uku ne, a Satumba, Janairu da wajen Afrilu ko Mayu. Azumi da Sallah biyu an san lokacinsu. Aiken gida ma a ba shi layinsa, a yanka abin da za a iya, iyaye su san shi, a riƙa turawa a kan kari. Ƙaramin abu da yake zuwa kowane wata ya fi babban alkawari da ba ya cika. Sannan a bar ɗan gurbi na baƙo da na magani, domin gidan ɗan arewa a Abuja ba ya rabuwa da mai neman aiki, ko mai jinya, ko wanda ya zo bin takarda a wata ma'aikata.

Mataki na biyu kuwa abu ne da muka gada, ba sabo ba. Kowa a cikinmu ya san watanda. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa da tsoka da ƙashi da kayan ciki. Wanda ba zai iya sayen ko ƙafar sa shi kaɗai ba sai ga shi ya ci nama a farashin mai sayen sa guda. To me ya hana mu yi watandar shinkafa? Me ya hana gida biyar su sayi jarkar man gyaɗa mai lita 25 kowa ya ɗauki lita biyar? Katan ɗin taliya, buhun sukari, buhun wake, kwandon tumatir, buhun albasa, ƙwaryar doya, katan ɗin kifi, buhun gawayi, babu wanda ba ya rabuwa. Abin da watanda take yi shi ne ta ɗauke marar hali daga hannu na ƙarshe ta kai shi hannu na uku, ba tare da samunsa ya ƙaru da ko kwabo ba.

Amma watanda tana da ƙa'ida, in ba a bi ba zumunci take ɓatawa. Kada a wuce gida biyar zuwa goma, kuma su kasance unguwa ɗaya ko kusa da juna, don kada kuɗin kai kaya ya cinye ribar. A tara kuɗi kafin a tafi kasuwa, babu “sayo mini zan ba ka”. Mutum biyu su je, ba ɗaya ba, kuma a riƙa juyawa. A rubuta farashin kaya, da kuɗin mota, da na ɗan dako, da na leda, a karanta wa kowa. A yi rabo a gaban jama'a da mudu ɗaya ko sikeli ɗaya, domin mudun kasuwa ba duka ne ɗaya ba, wani an bubbuge gindinsa. A buɗe buhu a duba tun a kasuwa, a soka hannu har ƙasa, saboda akwai buhun da samansa da ƙasansa ba iri ɗaya ba ne. Mata su kasance a cikin masu zaɓen kaya, domin su suka san shinkafar da take auki da wadda take caɓewa, da waken da yake saurin dahuwa. Araha ba ta ado: shinkafa mai tsakuwa da za a zubar da kashi ɗaya cikin goma wajen tsincewa ba ta yi sauƙi ba.

Sai maganar inda za a je. Kasuwannin Wuse, Garki da Utako suna da kusan komai, amma hayar rumfunansu tana cikin farashin da muke biya. Kasuwannin gefen gari sun fi sauƙi: Gosa da ke kan hanyar filin jirgin sama, wadda take ci ranar Juma'a, da Karmo mai ci Talata da Juma'a, da ta Laraba a Nyanya, da Dei-Dei wajen dabbobi da kayan miya, da Zuba wajen kayan marmari, da Orange Market a Mararaba, da Madalla a kan iyakar Neja, da kasuwar kifi ta Kado. A kasuwannin Gwagwalada, Kuje, Bwari da Kwali kuma ana haɗuwa da manoman yankin da kansu, musamman matan Gbagyi masu kawo doya da dawa da ganye. Sai dai a sa kuɗin mota a cikin lissafi. Wanda ya kashe dubu uku zuwa da dawowa don ya rage dubu biyu a cefane, wahala kawai ya sayo. In gida takwas ne suka raba wannan kuɗin motar, lissafin ya juya.

Bayan wuri sai lokaci, domin kowane kaya da kakarsa. Masara, dawa, gero, wake da shinkafar gida sun fi sauƙi daga Oktoba zuwa Disamba. Tumatir, tattasai da attaruhu na noman rani, irin na Kadawa da Kura a Kano, suna cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, sannan su yi tashin gwauron zabi daga Mayu zuwa Yuli, kamar yadda muka gani a 2024 lokacin da gidaje da yawa suka haƙura da jar miya. Albasa takan yi araha a ƙarshen rani ta yi tsada a ƙarshen shekara. Man ja ya fi sauƙi daga Fabrairu zuwa Mayu. Iyayenmu a gida ba su taɓa sayen tumatir da tsadar damina ba, kauɗa suke yi, su yanka su shanya su adana. Ranar Abuja a watan Fabrairu ta isa ta busar da kwando guda cikin 'yan kwanaki, in an samu tabarma mai tsabta da wurin da ƙura da kaji ba sa kaiwa.

Adana hatsi kuma yana buƙatar kula, musamman wake da ƙwari ke saurin ci. Hanya mafi aminci ita ce hana iska shiga. A tabbatar ya bushe sarai, a cika jarka mai tsabta har wuya, a toshe bakin da leda a murɗe murfi. Akwai kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na Maraɗi a Nijar. Ƙwaron da ya rasa iska mutuwa yake yi ba tare da an sa masa komai ba. Abin da muke roƙon 'yan uwa shi ne kada kowa ya zuba maganin ƙwari na feshi a cikin abincin da iyalinsa za su ci. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi saya don tsoron lafiyarsa bai kamata mu ɗura wa 'ya'yanmu ba.

A nan akwai jan kunne. Sayen kaka na ci ne, ba na ɓoyewa don jiran tsada ba. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, kuma waɗanda suka cika rumbu da niyyar cin riba da yawansu sun tafka asara. Abincin wata uku zuwa huɗu ya wadatar, gwargwadon wurin ajiya da ƙarfin aljihu. Kada kuma a taɓa kuɗin haya ko na makaranta don a sayi buhu.

Tsimi kuma ba yunwa ba ne. In za a rage, a rage lemon kwalba, biskit da taliyar yara ta leda, kada a rage abin da yake gina jikin yaro da mai ciki da mai shayarwa. Tukunyarmu ta gado tana da amsa: tuwon masara ko na dawa da miyar kuka, kuɓewa ko karkashi, da daddawa da ɗan busasshen kifi; dambu da zogale; faten tsaki da rama ko yakuwa; ɗanwake, alale, ƙosai da koko. Waken suya yana cikin abinci mafi gina jiki, ga shi ya fi nama sauƙi nesa ba kusa ba, ana yin awara da madara da shi, ana kuma haɗa garinsa a kunun yara. Shinkafa sau biyu a rana sabo ne da muka koya a birni. A wajen girki ma akwai rangwame: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a haɗa komai kafin a kunna gas, a yi miyar kwana biyu a tashi ɗaya in akwai halin adanawa.

Sai ƙananan ɓarakoki waɗanda littafin nan zai tona. Data da ake saye kullum ta fi ta wata tsada, watau ita ma awon gwangwani ce. Cire kuɗi a POS sau goma a wata lada goma ne. Anko kuwa mu dube shi da idon basira. Biki ɗaya ya zo da atamfa kala biyu da leshi, ga ɗinki, ga gudummawa, ga liƙi, alhali a gidan ana bin mai shago bashin mako uku. Mai biki da ya ce kowa ya zo da abin da yake da shi ya taimaki mutane da yawa waɗanda kunya ba za ta bari su yi magana ba.

Matsi yana sa mutum ya kama duk igiyar da aka miƙo masa, don haka mu kiyayi guda biyu. Ta farko manhajojin bashi na waya, masu ruwa mai yawa da wa'adi gajere, waɗanda wasunsu in an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara ɗaukar mataki a kansu a 2022. Ta biyu masu alkawarin ninka kuɗi. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma ƙarshen labarin ɗaya ne. Adashen da muka sani, tsakanin mutanen da suka san gidajen juna, ba ya ƙara ko sisi, amma yana tara wa mutum abin da zai sayi buhu da shi lokacin kaka. In aka daidaita kwasar adashe da watan Nuwamba, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mun san akwai wanda zai ce shi ko na watandar ba shi da shi, abin da ya samu yau shi zai ci yau. Gaskiya ne, kuma saboda shi ne ma ya kamata a yi. A buɗe rabin kashi da rubu'in kashi, yadda mai gadi da bazawara mai marayu za su shiga da abin da suke da shi. Mai hali a cikin rukuni ya ɗauki kuɗin mota ba tare da ya yi shela ba. Wannan duka ba ya sauke nauyin da ke wuyan hukumomi na samar da tsaro don manoma su koma gonakinsu a Zamfara, Katsina, Neja da Binuwai, da gyara hanyoyi, da rage shingayen karɓar kuɗi da ake ɗora wa motocin abinci. Za mu ci gaba da faɗa. Amma tukunyar daren yau ba za ta jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Saboda haka shawararmu ita ce, kafin taro na gaba kowane gida ya fara littafinsa, ko da na mako biyu ne. 'Yan unguwa ɗaya su nemi juna, su fara da kaya ɗaya tak, shinkafa ko mai, su gwada su ga bambancin da idonsu. Wanda ya san kasuwa ko yake sana'ar hatsi ko tuƙin mota a cikinmu ya fito ya taimaka da saninsa. Wanda kuma ya ga wani farashi mai sauƙi ya rubuto a nan ƙasa, da sunan kasuwar da ranar da ya gani, domin wani ya amfana.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya kawo wa ƙasarmu sauƙi. Amin.